Tambayoyi da Amsoshi kan Gwajin Tsoka: Ƙari a Mama, Mahaifa da Ƙwan Mace

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji daga bakin mata da mazajensu da 'ya'yansu a Zariya, daga na cikin birni da Sabon Gari da Samaru har masu tahowa daga Giwa da Soba da Makarfi, duk lokacin da likita ya ce sai an kai tsoka ɗakin gwaji kafin a fara magani. An tara su ne don ki shiga wurin likita kina gane abin da ke rubuce a takardarki, ki kuma san abin da za ki tambaya.

Likita ya taɓa, an yi hoto, an ga ƙarin. Me ya sa kuma sai an ɗebi tsoka?

Hannun likita da na'urar hoto suna nuna akwai ƙari, da girmansa, da inda ya zauna. Amma ko wane iri ne, wannan sai an yanka tsokar siriri, an rina ta, an duba ƙwayoyin halittarta a ƙarƙashin madubin likita. Mai wannan aiki cikakken likita ne da ya ƙara shekaru yana ƙwarewa a fannin fatoloji, kuma galibi mara lafiya ba ta ganin fuskarsa, sai sa hannunsa a ƙasan takarda. A nan Zariya akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Mata uku za su iya zuwa da ƙululu iri ɗaya a ido. Ta farko nata ba daji ba ne sam. Ta biyu bayan tiyata ƙwaya za ta riƙa sha tsawon shekaru. Ta uku ƙwayar nan ba za ta yi mata komai ba, sai an haɗa mata da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji masu ƙarfi da galibi ake sawa ta jijiya. Gwajin tsoka ne ke raba su, kuma duk maganin da aka fara ba tare da shi ba lalube ne a cikin duhu.

An ce daji ba ya son ƙarfe. Allurar gwaji ba za ta tayar da shi ba?

Wannan magana ta jima a gari, kuma ta hana mata da yawa zuwa asibiti a kan lokaci. Binciken likitoci bai nuna gwajin allura yana yaɗa cutar a jiki ba. Abin da mutane ke gani shi ne, mace ta zo bayan ƙarin ya shekara yana girma, aka yi gwaji, ciwon ya ci gaba da abin da dama yake yi, sai a ɗora wa allura laifi. Wanda ke buɗe gyambo da gaske shi ne sakiya da shafe-shafen magunguna masu cin fata.

Jinkirin ne abin tsoro. Ƙididdigar cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna a shekarar 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, sama da 13,000 kuma suka kamu da ta bakin mahaifa. Mafi yawansu suna isa asibiti ne bayan cutar ta yi nisa.

Wata an yi mata da siririyar allura, ni kuma an ce da mai kauri. Mene ne bambancin?

Siririyar allura ƙwayoyin halitta take zuƙowa a warwatse, a shafa su a kan gilashi a duba. Tana da sauri da sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa tana iya nuna daji ne ko ba daji ba. Mai kaurin kuwa, bayan an kashe wurin da allurar kashe zafi, zaren tsoka take fitowa da shi yadda yake a jiki. Da shi ake gane ko cutar tana cikin bututun nono har yanzu ko ta fasa ta shiga naman da ke kewaye, kuma a kansa aka fi yin gwajin ER da PR da HER2 da za a yi bayaninsu a ƙasa. Idan akwai hali, mai kaurin ya fi ba da cikakkiyar amsa.

Bayan tiyata an miƙo mana abin da aka cire a roba, an ce mu kai ɗakin gwaji da kanmu. Me za mu kiyaye?

A duk shafin nan, wannan ce amsar da na fi so 'yan uwan mara lafiya su riƙe, domin a nan ne aikin yake hannunsu. Tsoka daga lokacin da ta rabu da jiki ta fara lalacewa, kamar naman da aka bari a zafin bazara. Abin da ke tsayar da lalacewar shi ne ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Ƙa'idar da aka amince da ita ga tsokar mama ita ce ta shiga fomalin kafin awa 1 da cirewa, ta kuma zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Ruwan ya ninka girman tsokar kamar sau 10, ya rufe ta ruf. Fomalin a hankali yake ratsa nama, kusan milimita 1 a awa, shi ya sa idan mama ce gaba ɗaya ko mahaifa, ana bukatar ta isa ɗakin gwaji da wuri don ƙwararre ya tsattsaga ta ruwan ya kai ciki. In ba haka ba, bayan ya kamu, tsakiya kuwa, inda ƙarin yake, ta ruɓe.

Saboda haka, ku tambayi ma'aikacin da ya miƙo muku ko fomalin ne a ciki. Ruwan gishiri ko ruwan wanke ciwo ba sa wannan aiki. Kada ku sa robar a firiza, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin halitta. Kada ta kwana a but ɗin mota, kada a ajiye ta a gida ana jiran a haɗa kuɗi ko a wuce ƙarshen mako. Ku duba an rubuta sunan mara lafiya a jikin robar, ba a kan murfi kaɗai ba, kuma takardar da likita ya cike tana tare da ita, da shekarun mara lafiya, da ɓangaren da aka ciro, da ranar da aka ciro. Kada kuma a raba tsoka gida biyu a kai wurare biyu don a gwada su, domin ƙarin zai iya tafiya a rabi guda, ɗaya rabin ya dawo da sakamakon lafiya ƙalau. In ana son ra'ayi na biyu, akwai hanyarsa, tana cikin amsa ta ƙarshe.

Mu dai mun fi so a ba mu abin da aka cire mu binne shi.

Girmama jikin ɗan Adam abu ne da ba mai musunsa. Sai dai a yi haƙuri a fara kai shi gwaji. 'Yan yanka ne ake ɗiba daga wuraren da suka dace, sauran kuma maigida ko wani babba a gidan yana iya tambayar sashen yadda za a yi da shi bayan an kammala. Mahaifa ko mamar da aka binne ba a duba ba ta tafi da amsar tambayoyin da likita zai yi wata shida masu zuwa: daji ne, wane iri, an cire duka, ya shiga kaluluwa?

Me ya sa sakamako ke ɗaukar kwanaki, alhali gwajin jini a yini ake bayarwa?

Matakan ne da yawa, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Tsoka ta kamu a fomalin, likita ya auna ya zaɓi yanka, na'ura ta kwana tana tsane ruwan jikinta, a daskarar da ita cikin kakin kyandir, a yanka ta da kaurin da bai wuce maikiron 3 zuwa 5 ba (maikiron shi ne ɗaya bisa dubu na milimita), a rina da launin shuɗi da ja, sannan a duba. Wani lokaci likitan zai nemi a ƙara yanka, ko ya kira abokan aikinsa su gani, ko ya bukaci rini na musamman. Ranar da kuka miƙa, ku karɓi lambar ɗakin gwaji, ku tambayi ranar dawowa, kuma ku dawo ɗin. Sakamakon da ba a karɓa ba bai amfani kowa ba.

Takarda ta ce ba daji ba ne. To mene ne wannan ƙululun?

A 'yan mata da mata masu ƙuruciya, mafi yawan ƙululun mama faiburo'adinoma ne, ƙari mai santsi da ke zillewa a ƙarƙashin yatsa, ba ya yaɗuwa. Yana da ɗan uwa da ake kira filodis, mai saurin girma, wanda aka kasa gida uku: mara illa, na tsaka-tsaki, da mugu. Shi yana iya dawowa idan ba a cire shi da ɗan naman kewaye ba. A ɗan zaren tsoka su biyun suna iya rikita ko ƙwararre, don haka idan aka ce miki ba daji ba ne amma ƙarin yana ta girma, koma wurin likita. Ana so abin da hannu ya ji da abin da hoto ya nuna da abin da madubi ya gani su yi daidai da juna. In suka saɓa, ana sake ɗiba.

An rubuta giredi 3. Ke nan ciwon ya kai mataki na 3?

A'a, abu biyu ne daban, kuma rikita su ya sa mata da yawa kukan da bai zo ba. Giredi yana faɗin kamannin ƙwayoyin cutar a madubi. A mama ana bin tsarin da Elston da Ellis suka gyara a Notingham ta Ingila a 1991, a kan wanda Bloom da Richardson suka kafa a 1957. Ana ba da maki 1 zuwa 3 a kan abu uku: ko ƙwayoyin suna jeruwa su yi bututu irin na lafiyayyar mama, yadda cibiyoyinsu suka canza kama, da yawan waɗanda aka kama suna rabuwa. Jimillar 3 zuwa 5 giredi 1 ce, 6 zuwa 7 giredi 2, sai 8 zuwa 9 giredi 3, mai saurin girma.

Mataki kuwa nisan da cutar ta yi a jiki ne. Ana duba girman ƙarin, ko bai wuce santimita 2 ba, ko yana tsakanin 2 da 5, ko ya haura 5, ko ya kama fata da ƙirji. Ana duba kaluluwar hammata, sannan ko ya tafi huhu ko hanta ko ƙashi. Ƙaramin ƙari mai giredi 3 yana iya zama a mataki na 1. A cututtukan mahaifa da ƙwan mace, tsarin matakai na ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ake bi.

Mene ne ER da PR da HER2, kuma dole ne a biya kuɗin wannan ƙarin gwajin?

Wasu ƙwayoyin daji suna da wurin karɓar sinadaran mata na jiki, istirojin da furojestaron, kuma da su suke girma. ER da PR su ne gwajin waɗannan wurare. Idan aƙalla kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin suka kama rini, ana ƙidaya shi a matsayin akwai, kuma irin wannan mace ce ƙwayar tamoksifen ke yi wa aiki, wadda ake sha shekara 5 ko fiye. HER2 wani furotin ne da ke ingiza girma. Ana rubuta shi 0 ko 1+ ko 2+ ko 3+. Na 3+ shi ne tabbatacce, 2+ sai an ƙara wani gwajin a kan ƙwayar gado. Maganinsa na musamman, tirastuzumab, an amince da shi a Amurka a 1998, ya kuma sauya makomar masu wannan nau'i, ko da yake tsadarsa na hana mata da yawa a nan samunsa. Idan ukun duka babu, kemo ne babban makami.

Na san kuɗin gwajin yana da nauyi ga mai gidan da ya riga ya sayar da buhunan masara ya biya tiyata. Duk da haka a ganina kuɗi ne da ke tsare wasu kuɗin, domin yana hana shekaru ana sayen maganin da ba zai yi aiki ba, ko a bar wanda zai yi.

Gaskiya ne dajin mama na matan Afirka ya fi muni, ba ya jin tamoksifen?

Wannan tambaya ta jima tana ɗaukar hankalin masu bincike. Tun shekarar 2000, lokacin da Perou da abokan aikinsa suka nuna ana iya kasa sankarar mama gida-gida bisa aikin ƙwayoyin gadonta, aka fara tambayar wane gida ne ya fi yawa a cikinmu. Wani bincike da ya fito a 2009, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ke cikin jagororinsa, ya duba tsokar mata 507 daga Nijeriya da Senegal, ya samu kashi 24 cikin 100 ne kawai ke da ER. Amma a 2008 Farfesa Clement Adebamowo da abokan aikinsa sun duba mata 192 a Ibadan, suka samu kusan kashi 65.

Yanki ɗaya, ga tazara irin wannan. Daga cikin dalilan da masana suka fi kawowa akwai yadda aka kula da tsokar. Wadda ta jima ba ta shiga fomalin ba, ko ta tsufa a ajiya, tana rasa alamar ER, sai a rubuta babu alhali akwai. Nazarin da ya haɗa binciken Afirka da yawa a 2014 ya nuna inda aka tattara sabuwar tsoka da kulawa, adadin masu ER ya fi yawa. Nau'in da ukun duka babu yana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma matanmu suna kamuwa da ƙuruciya fiye da na Turai. Amma babu macen da ya kamata a yanke wa hukunci da launin fatarta, sai da nata gwajin. Wannan ne ya sa aka dage a amsar robar fomalin: ganganci na awa kaɗan yana iya raba mace da magani mai sauƙin kuɗi da zai taimake ta shekaru.

An yi mini gwajin bakin mahaifa, an ce an ga canji. Daji ne?

Galibi ba shi ba ne, gargaɗi ne. Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV take, nau'i na 16 da na 18 kaɗai ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100. Harald zur Hausen na Jamus ya samu kyautar Nobel a 2008 saboda gano wannan alaƙa. Kafin daji ya kafu, fatar bakin mahaifa tana canzawa a hankali, shekara 15 zuwa 20 ga mai ƙarfin garkuwa, 5 zuwa 10 ga mai rauninta, kamar mai HIV da ba ta shan magani. A takarda za ki ga LSIL ko CIN 1, wato ƙaramin canji, wanda yawanci ke warkewa da kansa ana sa ido, ko HSIL, wato CIN 2 da 3, canji mai zurfi, wanda ake ƙonawa ko a yanke a ɗan ƙaramin aiki. Gwajin da aka yi da shafa ruwan tsami ko da ɗibar ƙwayoyin halitta tantancewa ce kawai. Tabbaci sai an ɗebi tsoka.

A kundin rabe-raben ƙari na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, an raba dajin bakin mahaifa zuwa mai alaƙa da HPV da mara alaƙa, ana kuma amfani da rinin p16 wajen bambancewa, domin na biyun ya fi wuyar sha'ani. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a watan Oktoba na 2023. Ana so mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai HIV daga 25. Jini bayan kwanciyar aure ko ruwa mai wari da ya ƙi ɗaukewa, kada a ce sanyi ne a yi ta shan jiƙo.

Faiburoid aka cire mini. Shi ma sai an gwada?

E. Ƙarin naman mahaifa ne wanda ba daji ba, ya kuma yawaita a matan Afirka. Amma akwai mugun ƙari da ke kama da shi a hoto da a ido, ba ya yawa, madubi ne kaɗai ke tona shi.

Hajiyarmu ta shekara da daina al'ada, sai ga jini. An ce za a kankaro cikin mahaifa.

Daidai aka yi. Jini bayan ɗaukewar al'ada ba a barinsa sai an san dalili, ko da yake sau da yawa dalilin ba daji ba ne. Idan sankarar shimfiɗar mahaifa ce, a nan ma ilimi ya matsa. Tun 1983 gida biyu ake kasa ta, mai alaƙa da istirojin da ƙiba, da mara alaƙa. A 2013 wani babban bincike a Amurka ya fitar da gida huɗu bisa ƙwayoyin gado: mai canji a POLE, wanda duk munin kamanninsa ya fi sauƙi; mai naƙasa a furotin masu gyara kuskuren DNA, wato sinadarin gado; mai canji a p53, wanda ya fi tsanani; da wanda ba shi da ko ɗaya. FIGO ta shigar da wannan cikin tsarinta na 2023. Biyu daga ciki ana gano su da rini irin na ER. Idan aka ga naƙasar gyara DNA, a duba ko gado ne a dangi.

Ƙari a ƙwan mace fa? An ce CA-125 ɗinta ya hau.

CA-125 gwajin jini ne da ke hawa saboda abubuwa da yawa, har da faiburoid da juna biyu da tarin fuka na ciki, don haka ba ya yanke hukunci. Ƙarin ƙwan mace iri-iri ne. A 'yan mata an fi ganin wanda ke fitowa daga ƙwayoyin ƙwai, kamar damoid, wanda idan aka buɗe ake samun gashi da maiƙo har da haƙori. Ba sihiri ba ne, ba jifa ba ne, halittar ƙarin ke nan, kuma mafi yawansa ba daji ba ne. A manyan mata, sankarar ta kasu manyan gida biyar, kusan kashi 70 cikin 100 nau'in siros ne mai babban giredi. Tun farkon shekarun 2000 masu bincike suka gano yawancinsa daga bakin bututun ƙwai yake farawa, shi ya sa yanzu ake yanka ƙarshen bututun daki-daki a duba.

Ɓari na yi, aka yi wankin ciki. Me za a nema a abin da ya fita?

Ana neman wani irin ciki da mabiyiya ke rikiɗewa ta zama ƙananan ƙurajen ruwa birjik. Iri biyu ne. Cikakken babu ɗa a ciki, kuma kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu shi cutar tana ci gaba har a bukaci magani. Na rabi haɗarinsa kaɗan ne. Rinin p57 na taimakawa wajen bambance su. Idan aka samu, za a riƙa auna hCG, wato sinadarin juna biyu, a jininki har ya koma daidai, a kuma nemi ki jinkirta ɗaukar wani cikin, domin sabon ciki yana ɗaga hCG ya ɓoye cutar. A yi wa maigida wannan bayani tare da ke. Ko ta zama daji, tana cikin waɗanda aka fi warkarwa da magani, kuma yawancin mata suna haihuwa bayanta da izinin Allah.

Mahaifiyata da yayata duk sun yi ciwon mama. Gado ne?

Yana iya zama. An gano ƙwayar gadon BRCA1 a 1994, BRCA2 a 1995, kuma canji a cikinsu yana ƙara haɗarin dajin mama da na ƙwan mace. Binciken da ya fito a 2018 a kan mata 1,136 masu sankarar mama a Ibadan ya nuna kusan 1 cikin 8 ta gaji cutar ne ta waɗannan ko makamantansu. Ana gado ta wajen uba kamar yadda ake yi ta wajen uwa, saboda haka ki lissafa gwaggonni tare da innoni idan likita ya tambayi tarihin gida. Manyan binciken irin wannan daga kudu maso yamma suka fi fitowa. Arewa na bukatar nata, kuma ba zai samu ba sai tsokar matanmu tana isa ɗakin gwaji da kyau, ana kuma rubuta ta a rajistar masu daji. Idan aka nemi ki shiga bincike, haƙƙinki ne a yi miki bayani da Hausa, ki yarda ko ki ƙi, ba tare da ya shafi maganinki ba.

Ba mu gamsu da sakamakon ba, ko an tura mu wani asibiti. Sai an sake yanka ta?

Galibi a'a. Tsokar da aka daskarar cikin kaki tana shekaru a ajiye, haka ma gilasan da aka duba. Likitanku zai rubuta wa sashen fatoloji takarda, ku je da lambar ɗakin gwaji, a ba ku ɗaurin kakin ko gilasan ku kai wa wani ƙwararren. A kan wannan kakin ne ake yin ER da HER2 da p16 idan ba a yi su tun farko ba. Neman ra'ayi na biyu ba rashin kunya ba ne ga likita, su ma suna yi a tsakaninsu. Ku ajiye kakin nesa da rana da zafin mota don kada ya narke, ku ɗauki hoton takardar sakamako a waya, ku riƙe ta asali a hannunku, sannan in an gama ku mayar da kakin inda kuka karɓo.